Ƙotar da Na Sassaƙa wa Garba a Tamale

Da sunan Allah wanda Ya fitar da ni lafiya, Ya kuma komo da ni ɗakina. Tun ranar da na sauka daga ƙasar Gana ba a bar ni na numfasa ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a ƙofar gida a kewaye ni da tambayar hanya da ta Tamale da ta Garba. Nakan ce lafiya lau, domin haka ake cewa. Amma akwai waɗanda suka san Garba tun yana saurayi, suna kuwa da haƙƙin su ji fiye da haka. Saboda su na zauna na tsara wannan labari, don in faɗe shi sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni masassaƙi ne ɗan masassaƙi a garin Jega. Aikin gidanmu ƙotar bindiga ne, wato icen nan da ke zama a kafaɗar maharbi, ya jingina kuncinsa a kai. Garba kuwa abokina ne na ƙuruciya. Iyayensa Katsinawa ne, ni Bakabe, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da ba'a ba. Tare muka yi farautar tsuntsayen ruwa a fadamun Gulbin Zamfara, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi harbin abin da ke tashi ba. Daga baya fataucin hatsi ya kai shi Tamale, ya yi aure, ya gina gida, ya zauna. Shekaru masu yawa babu abin da ke tsakaninmu sai murya a waya.

Da damina ta ja baya ya kira ni.

"Kai Bakabe," ya ce, "da sauran hannu, ko tsufa ya cinye?"

Na ce, "Hannun da zai mari Bakatsine bai ƙare ba. Me ya faru?"

Sai ya sauke murya. Ya ce idonsa na dama ya mutu, likitoci sun ce ba ya dawowa. Yana da bindiga mai lasisi, irin wadda ake jan hannunta na gaba a komar, harsashi ya shiga, wadda yaran yanzu ke kira famfo akshin. Da ita yake tsaron gida, da ita kuma yake shiga gasar harbi da masu bindigogi ke yi a bayan gari in an gama girbi. Yana so ya koma harbi da kafaɗar hagu, ya yi saiti da idon da ya rage, ƙotar da ke jikinta kuwa ba ta yarda. "Ina so in tsaya a filin nan ko sau ɗaya ne kafin a ce Garba ya ƙare," in ji shi. "Babu wanda ya san kafaɗata sai kai."

Ban yi shawara da kowa ba. A rufin ɗakina akwai wani guntun maɗobiya da na ajiye tun ƙarfina na cike, ya bushe har in ka ƙwanƙwasa shi yana amsawa kamar ƙarfe. Na sha hana shi manyan mutane. Na sauko da shi, na naɗe shi a tsohuwar riga, na haɗa gizagona da magagari da zarto a buhu, na kama hanya.

Ta Bagudo muka bi, muka haye kogin Kwara, muka shiga ƙasar Binin ta Sagbana. Wannan ita ce kusan hanyar da kakanninmu fatake suka bi da jakuna zuwa Gwanja neman goro, na kuwa riƙa tuna haka duk lokacin da gwiwata ta yi tsami a cikin mota. Kusa da ni akwai wata dattijuwa mai fataucin bandar kifi, ana ce da ita Hajiya Balki, wadda ta san kowane shinge da kowane mai shayi daga Kandi har Faraku. Ita ta zame mini baki inda Faransanci ya tare ni. Da ta ga yadda nake rungume da naɗin rigar nan, ba na yarda a jefa shi saman mota, sai ta ce, "Baba Alhaji, in zinariya ce ka faɗa mini in matsa kusa." Na ce ice ne. Ta dube ni, ta dubi dajin da muke ratsawa, ta ce, "To, Allah Ya sa can ƙasar ba su da bishiya."

A Faraku na hau ɗan acaɓa zuwa wata tasha, iska ta ɗauke hulata, ta faɗa cikin kwandon wata mai sayar da barkono. Na yini ina atishawa. A Zugu muka kwana a zango, a gidan wani mai masauki wanda kakansa ya fito daga Kano. Hausarsa ta tsufa fiye da tawa. Akwai kalmomin da ban ƙara jin su ba tun rasuwar kakata, sai a bakinsa. Aka kawo mana sakwara da cukun nono soyayye a cikin miya. Na ci don kada in ɓata wa mai gida rai, amma cikina tuwon dawa yake kira. Da safe Hajiya Balki ta yi kudu da kifinta, ni na yi yamma, na ratsa ƙasar Togo ta Kara a bayan wata mota mai ɗauke da doya.

A bakin iyakar Gana abin ya same ni. Wani ma'aikaci matashi, mai ladabi ƙwarai, ya buɗe buhuna, ya ga gizago da zarto, ya tambayi sana'ata, na faɗa masa. Sa'an nan ya kwance rigar. Ya kankare gefen icen da farce, ya sansana, sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Baba," ya ce da irin Hausarsu ta can, "wannan itace, doka ya hana shi. Ba ya shiga, ba ya fita."

Ashe an sare maɗobiya a ƙasashen nan har ta kusa ƙarewa, ana lodinta zuwa ƙetare, shi ya sa aka hana ɗaukarta ko guntu. Na ce masa, "Yaro, wannan icen ya girmi dokar, ya ma girme ka." Ya ce ya yarda, amma ba shi da ikon bari. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya saurari labarin Garba tun daga fari har ƙarshe, kansa a sunkuye. Duk da haka icen bai bi ni ba. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Na ninke rigar wofi na sa a buhu, na shiga motar da ke bi ta Yendi har Tamale.

Tamale gari ne na babura. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne mata: tsohuwa da hijabi har ƙasa, ga kwando a baya, ga jika a gaba, tana tuƙa babur tana ratsa motoci, babu wanda ya ko waiwaya. Na shiga keke mai ƙafa uku da suke kira yalo-yalo, na ce a kai ni unguwar Dabokpa, inda Garba yake. Muna cikin tafiya sai na ji ƙarar bindigogi, ba ɗaya ba, ba biyu ba, hayaƙi ya turnuƙe wani lungu. Na duƙe ina salati. Mai keken ya yi dariya har ya kusa hawa kwata. Ya ce makokin wani babban mutum ake yi. A al'adar Dagombawa, mutanen ƙasar, da bindigar toka ake girmama mamaci. Na yi mamaki. Mu a gida in an yi rasuwa, ko tari mutum ya yi sai ya ji kunya, su kuwa sai ƙasa ta girgiza.

Na tarar da Garba a zaure, zaune a kan buzu. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa, ina jiran ya zabura. Bai zabura ba. Sai da na yi sallama ya miƙe, ya buɗe hannuwa.

"Bawana ya iso!" ya ce. "A kawo wa Bakabe ruwa, kada ya shanye mana randa."

"Dubi yadda ka ƙanƙance," na ce. "Ashe hatsin sayarwa kawai kake yi, ba ka ci."

Muka rungumi juna, na ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna. Maiɗakinsa, Mma Azara, Badagomba ce, doguwa mai ƙarancin magana. Ta zo ta durƙusa har ƙasa tana gaishe ni, duk abin da na ce sai ta amsa da "naa, naa", haka suke yi wa baƙo da babba. Aka kawo tuwo mai laushi da miyar lalo da naman zabo. Da safe kuma shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har ta yi ja, ga koko da ƙosai kamar na gida. A abinci dai Tamale ba ta ba ni wahala ba.

Na ba Garba labarin icen da aka ƙwace. Mma Azara tana kwashe kwanuka, sai na ji ta ce a hankali, "Alhamdu lillahi." Na ɗauka ban ji daidai ba.

Ɗansu Fuseini, magidanci ne mai gyaran babura, shi ya fito da bindigar. Ya buɗe ta ya nuna mini babu kome a ciki kafin ya miƙo, na kuwa yaba masa da wannan. Amma da na karɓe ta sai na rasa inda zan kama. An cire ƙotar ice an sa ta baƙar roba, gajera, mai mariƙi kamar na ƙaramar bindiga. An ɗaura tocila a ƙarƙashin bakinta. A gefe an manna wani abu mai ramuka da ake jera harsasai, ga maratayi na leda.

"Wa ya yi mata wannan kaya haka kamar jakin fatake?" na tambaya.

Fuseini ya ce, "Baba Alhaji, ni ne. Ɓarayi sun shigo gidan nan, sun ɗauki babur biyu. Cikin gida, bindiga dogo ba ya juyawa a lungu. Tocila kuma don ka ga mutum kafin ka taɓa kunama."

"Ka ji ko?" in ji Garba. "Ya mai da ita sandar maigadi. In na ɗora ta sai ta zame kamar sabulu. Wannan za a kai gaban mutane?"

"Baba, gida ne farko, wasa daga baya."

"Wasa? Uwarka ta san da wasan nan na ciyar da ku nama kafin ka san sunan babur."

Na raba su. Na ce tocila da majerin harsasai su zauna a ajiye don gida, ba su hana kome ba. Ni ƙota kawai aka kira ni in yi, ita kuwa ana iya sauya ta a mayar. Sai maganar ice. Na zaga kasuwar katako, duk ɗanye ne, in an sassaƙa shi zai murɗe kafin rani. Da na dawo na faɗa, Garba ya ce a fito da gadonsa. Tsohon gado ne na maɗaci mai kaurin ƙafafu, tun na aurensu. Ya sa Fuseini ya cire allon kai. "Ni tabarma ta ishe ni," ya ce. Mma Azara ta tsaya tana kallo.

A gidanmu ba a auna maharbi da igiya kawai. Bayan an gwada tsawon hannu daga gwiwar hannu zuwa yatsa, sai a ba shi ƙotar gwaji, a tsaya gabansa da bindiga wofi, a ce ya rufe ido ya ɗora ta kamar tsuntsu ya tashi. Sa'an nan a ce ya buɗe. Masassaƙi ya dubi ƙwayar idon ta kan bakin bindigar, ya ga ko ta zauna tsakiya, ko ta yi sama, ko gefe. Daga nan yake sanin inda zai rage da inda zai bari. Haka ubana ya koya mini, haka na yi wa Garba a tsakar gida da hantsi, rana tana bayana.

Ya rufe ido, ya ɗora. Hannun bai manta ba, wallahi. Ta hau kafaɗar hagu kamar can aka haife ta. Na ce, "Buɗe." Ya buɗe. Na ɗaga yatsana kusa da fuskata na ce ya kalle shi. Idon ya tsaya a kan kafaɗata. Na matsar da yatsan dama, idon bai bi ba. Na matsar hagu, bai bi ba. Na sauke hannun gaba ɗaya na ce, "Kana ganinsa?"

Ya ce, "Sarai."

Na karɓi bindigar na jingine, na ja shi zaure inda babu kowa.

"Garba," na ce, "na hagun ma ya tafi."

"Bai tafi ba. Ina ganin haske, ina ganin inuwa. Abin da ke sama a kan farin gajimare ina ganinsa."

"Ka ce kana ganin yatsana, alhali hannuna yana ƙasa."

Da ya amsa kuwa, da muryar da ban san shi da ita ba ce. "Ice na kira ka ka sassaƙa, Mamman. Ban kira likita ba. In ba za ka iya ba, mota tana tashi kullum."

Tunda muke bai taɓa kirana da sunana ba sai ran nan.

Na fara aiki a gindin wata bishiyar darbejiya da ke tsakar gida. Kwanaki muka yi ba ma haɗa zance sai gaisuwa. Wata rana da azahar, Garba yana masallaci, Mma Azara ta kawo mini kunu, ta zauna nesa kaɗan a kan kujerar tsugunne.

"Alhaji," ta ce, "ka gani, ko?"

Na ce na gani.

"Mu duka mun sani. Shi yana tsammani ba mu sani ba. Yana ƙirga taku daga ɗaki zuwa zaure, ni kuma ina kwashe kaya daga hanyansa." Ta gyara mayafi. "Tun da ɓarayi suka zo, bindiga yana kusa da shi. Ran nan da la'asar matan Fuseini ya shigo ta ƙofan baya da goyo. Maigida ya ɗaga bindiga, yana cewa wane ne, wane ne. Yarinya tsoro ya hana shi magana. Allah ne Ya tsare. Daga ranan na kwashe harsashi duka na ɓoye cikin tukunyan gari. Amma ranan gasa, su za su ba shi a hannu. Akwai mai jefa kasko sama don a harba, shi yana gaba, akwai yara, akwai shanu."

Na ce, "Me kike so in yi, Hajiya?"

"Ka ɓata aikin. Ka yi shi ya karkace, ya ƙi zama. Sai ya ce laifin itace ne, ya haƙura, girmansa yana nan."

Na juya maganar a raina, domin ba maganar banza ba ce. Mace ce da ta fi ni sanin mijinta na yau. Amma na ce mata, "Garba zai gane tun kafin ta taɓa kuncinsa. Zai san ni na yi, zai san ke kika sa ni. Sa'an nan ya rasa ido, ya rasa aboki, ya rasa mata a rana ɗaya. Zan yi ta yadda ya kamata. Ranar kuwa zan tsaya a bayansa, hannuna kusa da nasa." Ta tashi ta ɗauki kwanon ta koma ciki.

Ban taɓa yin aiki kamar wannan ba, kuma na san ba zan ƙara ba. Na karkatar da ita kaɗan don ta nufi idon hagu, na fafe mazaunin kunci a ɗaya gefen daidai ramin kumatunsa da tsufa ya zurfafa, na rage tsawonta saboda hannunsa ya tanƙware. Na goge ta da ganye mai kaushi, na shafe ta da man kaɗe har maɗacin ya yi ja kamar garwashi. Fuseini ya ɗaura ta. Ya shafa, ya ce, "Baba Alhaji, wannan kam ba a kasuwa."

A gefen unguwar Kukuo ake gasar, a wani fili da aka girbe masara. Matan Kukuo magina tukwane ne, kuma duk ƙananan kasake da suka tsage a wuta akan tara su don wannan rana. Wani ƙaƙƙarfan mutum yana tsayawa can gaba a gefe, bayan tudun ƙasa, in maharbi ya yi kira sai ya wurga kasko sama, a harbe shi kafin ya faɗo. Ban taɓa ganin irin wannan a gida ba; mu abin da za a ci muke harbi. Manoma ne da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, kowa da tasa. Da suka ga Garba sai wuri ya ɗauki sowa. Manya suka zo suna durƙusawa, ana ta "naa, naa". Wani ya ce mini da Hausa, "Wannan tsoho, kasko bai taɓa kai ƙasa a gabansa ba."

Da aka kira sunansa, na kama gwiwar hannunsa kamar mai yi masa rakiya ta girmamawa, na kai shi wurin tsayawa. Mai kula da fili ya ba shi harsasai, ya zura su da yatsunsa ba tare da ya duba ba. Ya ja hannun bindigar ya komar, ƙarar nan ta fita, fili ya yi tsit. Na tsaya a bayansa. Can dama da tudun ina hango yara a kan wani kututture, da wata saniya tana kiwo.

Na raɗa masa, "Garba, akwai mutum a gabanka ta dama."

"Na san inda yake tun kafin ka zo garin nan," ya ce. "Matsa."

Ya ɗora ta. Ta zauna. Ya yi kira, aka wurga. Na ga bakin bindigar ya tashi yana neman abin, ya bi ƙarar fitarsa daga hannun majefi, ya yi sama, ya tsaya yana rawa a sarari inda babu kome. Yatsansa yana kan kunama, hannuna yana tafe wajen nasa. Kaskon ya gama tafiyarsa ya faɗo, ya fashe a kan kunya.

Garba ya sake kira. Aka wurga na biyu, a hankali, kusa, yadda ake yi wa mai koyo. Majefin ma ya gane. Wannan karon bakin bindigar ko motsi bai yi ba. Muka ji faɗuwarsa tare.

Garba ya daɗe da kuncinsa a kan icen. Sa'an nan ya ɗauke yatsansa, ya sunkuyar da bakin ƙasa, ya riƙa jan hannun yana komarwa, harsasan suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya a gaban takalmansa, har ta zama wofi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Fuseini!"

"Na'am, Baba."

"Zo ka karɓa. Ka je ofishin lasisi a mai da takardarta da sunanka. Ka gaya wa uwarka ta fitar da abin da ke cikin tukunyar gari, kada wata rana mu ci shi a tuwo."

Wasu suka yi dariya, wasu suka share ido. Tsofaffin cikinsu suka taso suka kewaye shi, ba wanda ya ambaci ido. Wani ya tsince harsasan. Ina nan inda nake, sai Garba ya miƙo hannu yana lalube ya ce, "Ina Bakaben nan? Zo ka ja ni, ai aikin bawa ne."

Ƙotar ba ta yi wa Fuseini amfani ba. Shi da kafaɗar dama yake harbi, hannunsa ya fi na uban tsawo, ramin kuncin kuma yana gefen da ba nasa ba. Washegari ya kwance ta ya mayar da ta robar da tocilarsa, ya kulle bindigar a ɗakinsa. Na ce zan sassaƙa masa wata daga ragowar allon. Garba ya hana. "Bar shi," ya ce. "Yana da ido, roba ta ishe shi." Ya karɓi tasa ya ajiye a gefen buzunsa. Kwanakin da na ƙara yi a gidan, da ita yake yini a kan cinya, yana shafa mata man kaɗe, muna tuna fadamu da mutanen da suka riga mu.

Ranar da zan taso, Mma Azara ta ɗaure mini man kaɗe da daddawa a ƙunshi, ta durƙusa ta yi mini addu'a doguwa da harshensu, ban ji ko kalma ba, amma na amsa. Fuseini ya tayar da babur yana jirana a waje. Na shiga zaure na ce, "To, Bakatsine, ni zan koma."

Ya ɗauki ƙotar, ice tsura, ba baki ba kunama, ya ɗora a kafaɗar hagu, ya kwantar da kunci, ya auna inda muryata ta fito.

"Ta zauna, Mamman," ya ce. "Wallahi ban taɓa ɗora wadda ta zauna haka ba. Tafi, kafin in harbe ka."

Na yi dariya, na matsa gefe don in ɗauki buhuna. Da na ɗago, sai na ga yana nan yadda yake, yana auna gurbin da na bari, yana yi wa bango murmushi, yana faɗin a gai da mutanen Jega, a gai da wane da wane. Na ajiye buhun a hankali, na koma na tsaya daidai inda yake aunawa, har ya gama sallamarsa.

Allah Ya haskaka masa abin da ya rage, Ya sa mu cika da imani.